Malam Saley, Wanda Ya Ƙi Zuba Ɗumame a Faifai

Shekara talatin da ɗoriya, ranar Malam Saley iri ɗaya take farawa. Ya idar da sallar asuba, ya sha shayinsa a tsaye, ya saka shuɗin kayan aiki, ya taka daga gidansa na Montreuil, a gefen birnin Paris, zuwa wata 'yar masana'anta da ke maƙale bayan garejin motoci, inda ake buga faifan garmaho. Shi ke fara shiga. Ya kunna tukunyar tururi, ya zagaya injinsa da tsumma yana gogewa, sannan ya ɗora tafin hannu a jikin ƙarfen ya yi jim. Abokan aikinsa sun ce da tafin hannun nan yake gaisawa da injin, da shi kuma yake gane ko ya kwana lafiya. In ya gamsu sai ya yi bisimillah ya fara.

Ga wanda bai taɓa gani ba, aikin haka yake. Ana zuba ƙananan ƙwayoyin baƙar roba a bakin inji, su narke, su fito a dunƙule kamar malmalar tuwo. Sai a ɗora takardar suna a sama da ƙasa, a saka malmalar tsakanin farantan ƙarfe biyu da aka zana waƙar a jikinsu, inji ya matse da zafin tururi, ruwa ya sanyaya, wuƙa ta datse gefe. Faifai ya fito ke nan. Malam Saley zai ɗaga shi ya karkata a fitila, ya duba fuska biyu, ya ajiye, ya jira na gaba. Haka har la'asar, cikin zafi da ƙarar da ba ta yankewa.

A sana'ar faifai akwai wata al'ada. Can kusa da tsakiya, inda waƙa ta ƙare, akwai ɗan fili sumul, kuma a nan wanda ya yanka asalin faifan yake karce haruffan sunansa da tsinin ƙarfe, su fito a jikin kowane kwafi. Mawaƙa suna gaban kwali, mai ɗaukar hoto yana baya, har wanda ya zaɓi launin rubutu ana sa masa suna. Wanda ya tsaya a gaban wuta ya matsa faifan da hannunsa kuwa ba shi da wuri ko ɗaya. Dubban gidaje a Faransa suna da aikin Malam Saley a kan kanta, babu gida ɗaya da ya san da shi. Wannan ya daɗe yana ci mini rai, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Sunana Ezekiel, haifaffen Jos ne ni, a Lyon nake zaune ina aikin injiniya. Na san Malam Saley ta dalilin 'yarsa Hassia, wadda ke tuƙa taragon cikin gari a nan Lyon, maƙwabciyarmu ce kuma ƙawar matata Hannah. Ranar da na fara ganinsa ya zo hutu wurinta. Da na ji sana'arsa sai na zauna na zuba masa labari, yadda mahaifina yake da garmaho a Jos, yadda duk ranar Lahadi bayan coci yake ɗora wani faifai da wasu samarin Turawa suka yi tun kafin a haife ni, masu jita da ganga, waɗanda suka sha kiɗan baƙaƙen Amurka har ya zauna musu a jini, ga algaitun Bature, ga mata uku suna amshi kamar a majami'a. Na yi ta zuba, yana ta kallon bakina yana murmushi. Da na gama sai ya juyo da kunnensa na dama ya ce, "Ɗana, ku mutanen Najeriya an ce kun iya ɗaga murya. To ɗaga, rabin zancenka ya wuce ni."

A nan na san abin da kowa a gidansu ya sani. Injin ya cinye masa kunne. Na hagu ya tafi gaba ɗaya, na dama saura kaɗan. A shekarun da ya fara aiki ba wanda ya damu ya ba ma'aikaci abin toshe kunne, shi ma bai san ana tambaya ba. Likita ya ba shi na'urar ji, da ita yake kama magana idan an fuskance shi, amma ya ce kiɗa a cikinta kamar ana kaɗa gwangwani ne. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana yi wa masu kunnen zinariya faifai, shi kansa ya daɗe bai ji waƙa yadda take ba. Ku riƙe wannan, don a kansa labarin ya tsaya.

Daouda, wani ɗan Mali da suka tsufa tare a masana'antar, shi ya ba ni labarin shekarun da faifai ya mutu. Duniya ta koma ƙananan fayafayai masu ƙyalli, daga baya ta koma waya. Masana'antu suka yi ta rufewa, ana sayar da injuna a matsayin ƙarfen bola. Tasu ta rage da aiki jefi-jefi, na masu gidajen rawa da 'yan tsiraru masu taurin kai. Injin Malam Saley, wanda shi kaɗai ne ke iya buga faifai mai kauri, an rufe shi da tampol an ce a jira mai saye. Daouda ya ce duk Juma'a kafin ya tafi masallaci sai Saley ya ɗage tampol ɗin ya sa masa mai, ya juya abin juyawa da hannu, ya rufe. Aka yi ta yi masa dariya, ana cewa yana yi wa gawa kwalliya. Da zamani ya juyo, yaran da aka haifa da waya a hannu suka fara neman garmaho, sai aka ɗage tampol, injin ya tashi kamar jiya aka kashe shi. Ba wanda ya ce masa sannu, an dai ƙara masa aiki.

To, ga yadda faifan mahaifina ya shigo labarin. A unguwar La Guillotière ta nan Lyon akwai wani ɗan shagon fayafayai na wani mutum mai suna Ilyes, haifaffen Lyon, iyayensa mutanen Aljeriya. Ya shafe shekaru yana neman izinin sake buga wannan tsohon faifan, har ya samu. Ba zan kawo sunan faifan ba. Ya sha talla ya ƙoshi, yau ranar wani ce. Ilyes ya yi niyyar yin abin da masu son sauti ke kira bugun gaske: a koma ga ainihin kaset ɗin da aka naɗi waƙoƙin a kai, a yanka a hankali, a buga a faifai mai kauri da nauyi. A kan kwalin kuma ya sa aka rubuta alkawari da manyan baƙaƙe, cewa sabuwar roba ce zalla, ba gauraye. Mutane suka yi ta yin oda tun kafin a buga, ni ma ina cikinsu. Aka tsayar da fitowarsa kafin bukukuwan ƙarshen shekara, aka kai aikin Montreuil, ya faɗo a injin Malam Saley.

Sai na yi bayanin gauraye. Gefen da wuƙa ke datsewa da fayafayan da suka fito da aibi ba a zubar da su. Ana fasa su a niƙa, a sake narkarwa. Malam Saley ɗumame yake kiran wannan niƙaƙƙiyar roba, har Turawan wurin sun koyi kalmar a bakinsa. Komai tsabtar niƙan, ba a rasa ƙura da ɓurɓushin takarda a ciki, su ne ke sa ka ji ɗan ƙas-ƙas a ƙarƙashin waƙa, musamman wurin da kiɗa ya yi ƙasa ko tsakanin waƙa da waƙa. Ba haramun ba ne. Shi kansa ya buga ɗumame shekara da shekaru ga waɗanda suka ce shi suke so, bai taɓa yamutsa fuska ba. Yakan ce ɗumame abinci ne, har ya fi daɗi da safe, amma ba ka kai wa baƙo ka ce yanzu aka tuƙa.

Ana saura 'yan makonni sai kayan sabuwar robar suka maƙale a hanya. Abin da ke ɗakin ajiya ba zai kai rabin aikin ba. Masana'antar ta yi sabon shugaba a lokacin, wanda ma'aikata ke kira shef. Zan yi masa adalci ko da raina ba ya so: ba shaiɗan ba ne, mutum ne da aka matsa daga sama shi ma ya matsa na ƙasa. Ya sauko wurin injin da safe, ya sa aka turo buhunan ɗumame, ya ce a gauraya da sabuwar a ci gaba. Daouda yana tsaye a injin da ke kusa, shi ya faɗa mini yadda aka yi.

Malam Saley ya dubi buhunan, ya dubi shef. Ya ce cikin Faransancinsa na tsofaffin ma'aikata, "Shef, an canja rubutun kwalin ne?"

Shef ya ce ba a canja ba, kuma kwali ba aikinsa ba ne.

"An gaya wa mai kayan?"

Shef ya ce ba sai an gaya masa ba, kaɗan ne za a zuba, ba mai ganewa. Da ya ga Saley bai motsa ba sai haƙurinsa ya ƙare, ya matso ya faɗi maganar da har yau ban manta da ita ba. Ya nuna kunnensa ya ce, "Kai ma kanka ba za ka ji bambancin ba, Saley. Me kake ji?"

Malam Saley ya goge hannunsa da tsumma a hankali. Ya ce, "Gaskiyarka, shef, ba na ji. Amma hannuna ne zai zuba, kuma hannuna ya sani. Kawo kowane aiki in yi maka da ɗumame har dare. Wannan dai da aka rubuta zalla, ba da ni ba."

Ya kashe injin.

Kafin azahar an dakatar da shi, an ce ya je gida ya jira hukunci kan ƙin bin umarni. Watanni kaɗan suka rage masa ya yi ritaya. Abin da ke gabansa a fili yake: ko ya koma ya ba da haƙuri ya zuba abin da aka ce, ya ƙarasa watanninsa ya fita ta babbar ƙofa da mutuncinsa, ko kuma a kore shi a matsayin mai laifi bayan shekara talatin da ɗoriya, a ƙasar da ba tasa ba, da kunnen da ba zai sama masa wani aiki ba.

Masu ba da shawara ba su yi ƙaranci ba. A gidan ma'aikata na Montreuil, inda ya zauna shekarun farko kuma har yanzu yake zuwa hira bayan sallar Juma'a, dattawa suka sa shi a tsakiya. Wani ya ce, "Malam Saley, a kan kiɗan Nasara za ka zubar da tsufanka? Da a kan Alƙur'ani ne sai mu ce ka yi jihadi." Wani ya ce ai mai kaya da mai masana'anta can su ƙarata, bawa ba ruwansa da riba. Ya saurare su duka, gwargwadon abin da na'urarsa ta kama. Ya ce, "Uwata nono take saidawa a kasuwar Damagaram. Ban taɓa ganin ta tambayi addinin mai saye ba kafin ta ƙi zuba ruwa. Algus algus ne, ko a ƙwarya ko a faifai."

Hassia ta fi su zafi, don ita tsoro take ji. A falonmu ta buga masa waya, tana ɗaga murya yadda zai ji, har Hannah ta rufe taga. Ta ce, "Baba, don Allah ka yi tunani. Faifai ne fa, ba magani ba. Ba wanda zai mutu. Ka ba su kunnenka, yanzu kuma za ka ba su retret ɗinka, kuɗin ritayarka?" Muna jin muryarsa ta cikin wayar yana cewa, "Hassia, in kika ga jar wuta ba kowa a hanya, kina wucewa?" Ta ce wannan daban. Ya ce, "To, ni ban ga daban ɗin ba. Ki gaida mutanen gidan." Ta ajiye wayar ta fashe da kuka, haushi da alfahari sun haɗu mata wuri ɗaya. Ni kuwa a ranar ban san bayan wa zan bi ba. Faifan nake so a hannuna kafin Kirsimeti, kuma na ji kunyar wannan son.

An ce ya zauna a gida, bai zauna ba. Kowace safiya, lokacin da ya saba, sai ya saka shuɗin kayansa ya taka zuwa masana'antar, ya zauna a kan dakalin siminti da ke tsallaken ƙofa da butar shayinsa. Ba allo a hannunsa, ba ya tare kowa, ba ya zagin kowa. In shef ya zo wucewa sai ya miƙe ya gaishe shi. La'asar ta yi ya tashi ya tafi gida. Sanyin Disamba na Paris ba abin wasa ba ne ga mai shekarunsa, amma haka ya yi ta yi. Da aka tambaye shi dalili ya ce shi bai bar aiki ba, aiki ne ya tsaya, in ya tashi zai same shi a kusa.

A ciki kuwa an umarci Daouda ya hau injin. Daouda bai ɓoye mini ba, ya ce tsoro ya kama shi, yana da iyali a nan da garinsu Kayes. Bai iya cewa a'a ba, bai kuma iya zubawa ba alhali yana hango Saley ta taga. Sai ya shiga jan ƙafa. Yau ya ce zafin bai daidaita ba, gobe ya ce injin ba ya jin maganarsa, jibi bayansa ya riƙe. Ya ce mini, "Ni ba jarumi ba ne, ɗan'uwa. Na dai iya ɓata lokaci." Na gaya masa cewa wani lokacin wannan ma jarumta ce, bai yarda ba.

Malam Saley yana da lambar Ilyes, ko kuma zai iya samunta a wurina cikin minti ɗaya. Bai kira ba. Na tambaye shi daga baya, ya ce, "Na ci gishirin gidan nan. Ba zan kai ƙararsu ba. Amma na yi niyya duk wanda ya tsaya gabana ya tambaye ni, ba zan yi masa ƙarya ba." Ana ta yi wa Ilyes hanya-hanya a waya har ya gaji, ya hau jirgin ƙasa daga Lyon ya zo da kansa. Yana isowa ya ga dattijo da kayan aiki a kan dakali cikin sanyi. Ya taɓa ganinsa ranar da aka buga faifan gwaji na farko, ya gane shi. Ya tsaya ya gaishe shi, ya ce, "Baba, me kake yi a waje? Ina faifaina?"

Malam Saley ya ce, "Fuskance ni ka sake faɗa." Ilyes ya sake. Sai ya matsa masa wuri a kan dakalin, ya zuba masa shayi a murfin buta, ya gaya masa komai daga farko, bai ƙara ba bai rage ba, har da cewa shef yana da gaskiya, yawancin masu saye ba za su taɓa ganewa ba.

Ilyes ya gaya mini cewa ya daɗe a zaune a wurin. Shi ma yana da abin da zai rasa. In ya ce a jira sabuwar roba, kasuwar ƙarshen shekara ta wuce shi, masu oda za su yi masa ca, ɗan shagonsa kuma ba mai ƙarfi ba ne. In ya yi kamar bai ji ba, faifai zai fito a kan lokaci, kowa ya yaba. Ya ce abin da ya hana shi shi ne kunya. Mutumin da ba nasa ne sunan da ke kwalin ba, ba shi ya yi alkawarin ba, ba zai ma ji sakamakon ba, yana zaune a sanyi a kan alkawarin. Ya miƙe ya shiga ofis. Ya ce a jira robar ko zuwa yaushe ne, kuma wanda ke kan dakali shi zai buga, in ba haka ba ya ɗauke aikinsa.

Kada ku zaci daga nan aka yi tafi aka rungume juna. Ba a yi ba. Robar ta iso bayan sabuwar shekara, aka kira Malam Saley ya hau injinsa, ya buga aikin daga na farko har na ƙarshe, kowanne ya ɗaga ya karkata a fitila. Zancen kora aka bar shi ya mutu ba tare da an ce an janye ba. Shef bai sake yi masa magana ba sai ta bakin wani. Da ranar ritayarsa ta zo, ba a tara ma'aikata ba, ba a yanka ko burodi ba, alhali an yi wa waɗanda ba su kai rabin shekarunsa ba. Ya kashe injin, ya goge shi, ya ninke tsummansa ya sa a aljihu, ya fita. Daouda kaɗai ya raka shi bakin titi. Wannan abin kunya ne, kuma ina faɗa da babbar murya ko da masu wurin za su karanta. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma da ta ƙare mun ga wanda ya ci gaba da ci.

Kai ne, Malam Saley, wanda aka yi wa gori da kurumta a gaban injin da ya kurumtar da shi, bai rama ba, bai kuma sunkuya ba. Kai ne ka riƙe amanar mutanen da ba ka sani ba, a kan kiɗan da ba naka ba, a kan abin da kunnenka ba zai taɓa shaida maka ba. Ɗan mai nono na Damagaram, ƙwaryarka ba ruwa.

Da bazara ta shigo Hassia ta kawo shi Lyon. Ilyes ya rufe shagonsa da yammacin wata Asabar, ya jera kujeru tsakanin akwatunan fayafayai. Mu kaɗan ne: shi Ilyes, Malam Saley, Hassia, ni da Hannah, sai Daouda da ya biyo jirgi don kada a ba shi labari. A waje tarago yana wucewa, masu shagunan kayan miya suna ta hada-hadarsu. Ilyes ya zaro faifan daga kwali, ya riƙe shi ta gefe, ya ɗora, ya sauke allura.

Ba mu ji komai ba. Allura tana tafiya a kan faifai, amma ɗakin shiru kamar ba a kunna ba, har na ɗago in ga ko wani abu ya lalace. Sai ganga ta faɗo daga cikin shirun nan, jita ta biyo, matan nan uku suka ɗauka. Na sha jin faifan nan tun ina yaro, a kan na mahaifina da ya sha allura har yana ƙara kamar ana suya. Ban taɓa sanin cewa mai waƙar yana jan numfashi kafin baitin farko ba sai ranar. Na tuna tsohona a kujerarsa ta Lahadi, hawaye ya zubo mini, ban kuma ɓoye ba.

Malam Saley ya cire na'urar kunnensa ya sa a aljihu. Ya jawo kujerarsa kusa da akwatin lasifika, ya ɗora tafin hannunsa a jikin katakon yadda yake yi wa injinsa da safe, ya rufe ido. Haka ya zauna har fuskar farko ta ƙare. Da allura ta ɗaga ya mayar da na'urar, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

Na ce, "Baba, ka ji?"

Ya ce, "Gangar ta zo mini a hannu. Yaron ya iya duka." Sai ya juya ga 'yarsa. "Hassia, ke ba ki iya ɓoye mini ba. Tsakanin waƙa da waƙa, akwai ƙas-ƙas?"

Ta ce, "Babu, Baba."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan. Shiru ne kawai."

Ya gyaɗa kai ya ce alhamdulillahi, ya nemi a ƙara masa shayi.

Ilyes ya shirya masa wani abu. Ya kawo sabon kwafi da wani ɗan tsinin ƙarfe irin na masu yanka, ya nuna masa filin nan sumul na kusa da tsakiya. Ya ce tunda al'ada ba ta ba mai matsawa wuri ba, yau a shagonsa an ba shi, ya karce sunansa da hannunsa a rataye faifan a bango. Muka yi ta tafi. Malam Saley ya karɓi faifan ta gefe, ya karkata shi a hasken taga, ya duba fuska biyu. Sannan ya mayar wa Ilyes tsininsa.

Ya ce, "Ɗana, na gode. Amma shekara talatin ina hana faifai karcewa, yau kuma ni zan karce shi da hannuna? Mayar da shi rigarsa, ƙura na sauka."

Mun gode, Malam Saley. Na gode a madadin mahaifina da bai kai ga jin wannan bugun ba, da duk wanda zai sauke allura a wani ɗaki ya ji shiru kafin kiɗa bai san wani ya zauna a sanyi a kansa ba. Allah ya ba ka lafiya da tsawon rai, ya sa hutun nan ya zame maka hutu. Ku kuma 'yan'uwa da ke aiki a ƙasar nan, a kicin ɗin gidan abinci, a asibiti, a wurin gini, a bayan sitiyari, kowannenmu akwai ranar da za a turo masa buhun ɗumame a ce zuba, ba mai ganewa. Mai yiwuwa gaskiya ne ba mai ganewa. In ranar ta zo, ku tuna akwai wanda aka gaya wa haka, ya kashe injin.

Ka hana a karce sunanka a faifai, Baba, kuma mun bi maganarka. Amma takarda ba ta cikin abin da kake tsaro. Ga shi nan na rubuta inda ba ka da ikon hanawa: Saley, mai matsa faifai, na Montreuil da Damagaram.